Shinkafar da Na Sa a But ɗin Hajiya

Ko zan manta sunana, ba zan manta da wannan rana ba. Kuma tun da wuri in sauƙaƙa muku: in wawan labarin kuke nema, kada ku wahalar da idanunku, ga ni nan.

Karatun bokona a aji uku na firamare ya tsaya, ba don kaina ya gaza ba, malaman ne na ga sun gaji. Sauran ilimin a bakin iyakar Jibiya na yi shi. Tun gemuna na baƙi aikina shiga tsakanin direbobi da masu kaki. In mota ta maƙale a hannun jandarma ko 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ni ake nema. Faransanci kuwa ina da shi daidai na cefane.

Wata rana jikata, ɗiyar babban ɗana, wadda nake tsokana da amarya, ta zo mini da labari. Wata gidauniya za ta ɗauki nauyin ɗaliban da ke son karanta harsunan waje, Larabci da Faransanci har da na mutanen Sin. Kuɗin makaranta, abinci, littattafai, duk nasu ne. Ita Faransanci ta zaɓa, ta ci jarrabawar rubutu, saura ganawa da kwamiti. Ubanta direba ne, ba shi da halin kai ta jami'a. In wannan ta kuɓuce, karatu ya ƙare ke nan.

Na ce, "Amarya, Faransancin da ake zubarwa kyauta a tasha shi za a biya wa kuɗi? Kawo tabarma in koya miki."

Ta ce, "Tsoho, addu'a kawai nike so. Don Allah kada ka yi komi."

Wannan "kada ka yi komi" na ɗauke shi raini. A saninmu na mutanen iyaka, ba shingen da ake wucewa hannu rabbana. Kuma abin yana da ladabinsa: ba ka tunkarar babba, direbansa kake nema, a sa kaya a but ɗin mota, kowa ya kau da kai. Ranar ganawar, a wata makaranta cikin gari, na samu direban shugabar kwamitin, wata Hajiya malamar jami'a. Na ce saƙo ne daga kakan wance. Buhun shinkafa 'yar waje, da dabino, da kilishin Maraɗi, duk na sa su a but ɗin motarta. Na koma gindin darbejiya na zauna ina kaɗa carbi, ina jin na gama aiki.

Ba a jima ba aka aiko kirana. Na gyara hula, a zatona godiya za a yi. Ina shiga na ga buhuna a tsakiyar aji, jikata tsaye gefensa, sauran ɗalibai na leƙe ta taga.

Hajiya ta ce, "Baba, naka ne wannan?"

Na ce, "Ai ya zama naki, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Ƙa'idarmu ita ce duk ɗalibin da aka kawo wani abu dominsa, mun cire shi."

Jandarma in ya ƙi, ƙari yake so. Wannan matar ba ƙari take so ba.

Sai yarinyar nan ta taka gaba. Ta ce, "Hajiya, shinkafa tasa ce, ban aike shi ba. In za ku cire ni, ku cire ni don na kasa, ba don tsoho ya yi abin da ya saba ba. Ba inda za ni sai kun tambaye ni." Ta kuma juye maganar cikin Faransanci. Ina ta gyaɗa kai irin na masana, amma wallahi ko kalma ban kama ba.

Hajiya ta dube ta, ta dubi abokan aikinta, ta ce a fitar da ni da kayana tukuna. Da kaina na ja buhun, 'yan dakon bakin titi da suka san ni suna ihu, "Yau duwan ta kama Baba!" Har kilishin aka maido mini, abin da ban taɓa gani ba a tarihin iyaka. Ita kuwa suka riƙe ta da tambayoyi har aka kira azahar. Da sakamako ya fito, tana ciki.

A ranar na koyi cewa ba kowace ƙofa ce shinge ba. Akwai wadda in ka sa mata goro rufewa take yi. Amma bakina bai mutu ba. Da na raka ta tasha za ta tafi jami'a, na ce a gaban direbobi, "Har yanzu dai ina nan kan bakana, da kin zauna da na koya miki kyauta."

Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Tsoho, mi ka sani ban da 'tsaya', 'sauko', 'kawo takardu'? Naka Faransancin na wanda ake daka wa tsawa ne. Ni na mai maida amsa za ni koyo."