Shirin Ban-Ruwan Kawu

Ƙarar injin ban-ruwa ta cika fadamar Badaguishiri ran nan. Ina gindin mangwaro da kwamfutata, ina taya wasu mutanen nesa gwada sabuwar manhajarsu mai sarrafa harshen kwamfuta. Sun ce a gwada ta da shirye-shiryen da jama'a ke aiki da su. Na ɗauko wanda wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta wa kawu, mai tsara wa masu lambu ranakun ban-ruwa. Manhajar ta ƙi shi. In ta fito haka, shirin kawu ya mutu. Na daɗe ina kunyar nuna wa baƙi ɗan abin ƙauyenmu, sannan na aika musu da shirin. Babu amsa.

Sai bayan shekaru na ji cewa har yau ba sa sakin sabuwar manhaja sai ta karɓi shirin kawu.