Daren da Kaka Ta Hau Saman Dal

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ba a iya zama da ni. Ko ina kwana aka ce mini sai na cusa maganar a ciki. Waya na hannu tun asuba, babban yatsana har ya yi kanta wajen amsa barka daga mutanen da ban ma sani ba. Ana cikin wannan zumuɗin malaminmu na fizik ya turo saƙo a gurup ɗin aji: yau da dare taurari za su yi ta zubowa, duk mai rufi ya hau ya kalla. Ya ce ba ma taurari ba ne, ɓurɓushin duwatsu ne ke ƙonewa can sama, kuma kowace Agusta sai sun zo.

Rufi kuwa muna da shi. A zangon Sokode gidanmu ne mai dal, simintin da Baba ya zuba da niyyar ɗora bene, benen bai zo ba, ƙarafa suka tsaya tsirara suna jira. Nan Umma ke shanya barkono. Kafin la'asar na gama haɗa tawaga: abokina ɗan Kotokoli da ba ya rufe baki, da wata 'yar ajinmu da ta ari madubin hangen nesa na babanta. Muka hau da tabarma da butar atayi.

A lokacin gidan ba daidai yake ba, ni ne dai murna ta toshe wa kunne. Kakana dillalin shanu ne. Ya tafi kara, kasuwar shanu, a Dapaong can arewa kafin ruwa ya sauka, ciwo ya kama shi can, ya kwanta gidan kawuna. Umma ta bi shi. Matarsa, Kaka, aka bari da mu saboda gwiwoyinta, aka ce mata zazzaɓi ne, ya kusa tashi. Ni na san ya wuce zazzaɓi, don 'yar kawuna tana rubuto mini kullum. Baba ya ce kada wanda ya gaya wa tsohuwa.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar wake.

"Uwargida, yau akwai sinima kyauta. Taurari za su yi ta faɗuwa har asuba."

Kullum idan na ce mata uwargida sai ta ce, maigidan da ba ya kawo cefane. Ranar ba ta ce ba. Hannunta ya tsaya cikin faranti.

"Me ka ce za su yi?"

"Faɗuwa. Da yawa, wallahi. Malam ya ce..."

Sai a nan na tuna. A wajen tsofaffin zangonmu, tauraro ba ya faɗuwa a banza. Idan ya ja wutsiya ya ɓace, ran wani ne ya fita, sai a yi salati. Liman ya sha faɗa cewa jifan shaiɗanu ake yi, Kaka ta yarda da liman ɗari bisa ɗari, amma salatinta ba ta bari ba. Na fara yi mata bayanin duwatsu. Ta ci gaba da tsintar wakenta kamar rediyo ke magana.

Bayan isha muna sama, atayi ya fara kumfa, sai muka ji nishi a matakala. Matakalar nan ba ta da abin riƙewa, kuma tun da aka zuba ta Kaka ba ta taɓa taka ta ba. Ga ta nan tana rarrafe, carbi a wuya, zane ya sha siminti. Abokina ya kashe waƙar da ya sa, muka ruga muka kama ta.

"Hajiya, kai ma ka zo kallo?" in ji shi da Hausarsa ta Kotokoli.

"Na zo gadi, ɗan nan. Matsa mini tabarma."

Sama kuwa ba ta ba mu komai ba. Fitilun titi, fitilun gidan mai, manyan motoci masu hawa Burkina suna haske gari kamar rana, ga hadari yana yawo gutsure-gutsure. 'Yar ajinmu ta juya madubinta har wuyanta ya ƙage, abin da ta gano kawai jar fitilar eriyar waya.

"Malam ya sayar mana da iska," in ji abokina. "Ya Allah, ka sa masu kuran su ɗauke wuta. Yau kaɗai. Gobe sai mu koma zaginsu."

Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ina jin ranar ce ta farko da ɗan Sokode ya roƙi duhu.

Can sai ga wani siriri ta arewa, fit, ya wuce. Mu uku muka yi ihu. Kaka ta yi salati a hankali, ta dafa gwiwata.

"Rubuta musu."

"Kaka, dutse ne fa."

"Maigida, rubuta."

Na rubuta wa 'yar kawuna: yana lafiya? Ta amso: yana barci, me ya faru? Na ce ba komai. Na gaya wa Kaka, ta ja carbi ɗaya. Aka jima wani ya sake wucewa, wannan ma ta arewa, ta sake dafa ni. Daga nan babu wanda ya ƙara ihu. Mun hau muna jin haushin fitilun gari, sai na tsinci kaina ina gode musu, don duk wanda suka ɓoye, an rage wa tsohuwa faɗuwar gaba ɗaya. Atayi ya huce ba mu sha ba.

Sai addu'ar abokina ta ci. Ɗif, gari ya mutu. Daga ƙasa muka ji zango ya yi wannan dogon tsakin nasa, wani jariri ya fara kuka, masu fanka suna fitowa tsakar gida. Na ɗaga kai. Hadarin ya tsage ta tsakiya, kuma wallahi ban taɓa sanin akwai taurari haka a kan gidanmu ba. Suka fara zubowa. Wani gajere, wani dogo mai barin layi kamar an ja alli a allo, wani har kore-kore. Abin da na kwana ina so ke nan, ga shi an ba ni, amma ba na iya kallo da daɗi. Kaka ta riƙe wuyan hannuna, salatin wannan bai ƙare ba na gaba ya faɗo.

"Rubuta. Rubuta. Kai, rubuta mana."

Yatsana bai taɓa gudu irin na daren nan ba. 'Yar kawuna ta gaji ta kira ni tana faɗa, wai na haukace ne, na gaya mata abin da ke faruwa. Faɗan nata ya tashi tsoho. Ta kashe, aka ɗan jima sai ga vokal ya shigo. Na danna, muryar Kakana ta fito cikin duhu.

"Ke tsohuwa, me ya kai ki sama da waɗannan gwiwoyin? Tun ina yaro bayan shanu nake kwana ƙarƙashinsu, duk damina haka suke yi. Babu nawa a ciki. Ki sauka. Kai kuma ɗan bak ɗin nan, ka bar mini mata ta yi barci."

Abokina ya fashe da dariya, ni ma na saki ajiyar zuciya. Na ce to, wala, shi ke nan, magana ta ƙare.

Kaka ta ce, "Sake sa shi."

Na sake. Ta karɓi wayar ta manna a kunne. Wannan karon ni ma na ji abin da take saurare. Tsakanin kowace kalma biyu yana tsayawa ya nemo numfashi, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Mutumin da idan ya yi ciniki a kara ake jin sa daga bakin titi.

Ta miƙo mini wayar. Taurari na ci gaba da zuba, ba ta ƙara ɗaga kai ba.

"Wannan ba zazzaɓi ba ne," ta ce. "Ku kama ni in sauka. Kai kuma tashi babanka."

Ban san abin da ta gaya wa Baba ba, a ɗaki suka yi. Abin da na sani, kafin rana ta fito muna tasha, Baba na ciniki da direba ya ba ta gaban mota. Ni aka haɗa da ita. Hanyar Dapaong doguwa ce, gwiwoyinta suka kumbura kafin mu wuce garin Kara, ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wayata tana ta ƙara a aljihu, gurup ya cika da hotunan baƙin sama da babu komai a ciki, ban buɗe ba.

Ta same shi da rai. Da ya gan ta ya ce, ashe kin sauko. Ta zauna a gefen katifarsa, ita ke ba shi koko da cokali, suna ta tsohon faɗansu kan wata saniya da ya sayar kafin a haifi Umma. Ya rasu wata rana bayan la'asar, da sauran rana a sama, yara na wasa a waje. Hannunsa na cikin nata.

Ba mu ƙara tada maganar daren ba sai da shekara ta juyo. Na dawo hutu daga jami'a, ina zaune kusa da ita ina danne-dannena, ta ce:

"Maigida, abin nan na malaminku, ka ce duk shekara ne?"

"Duk shekara, uwargida."

Ta dubi matakala.

"To gaya wa babanka ya sa mata ƙarfen riƙewa. Ba zan sake hawa da rarrafe gaban baƙi ba."