Cutar Kajiji Ta Fi Ƙiba

Babana da kawuna taubasai ne, don Inna da Baba auren gida aka yi musu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun gaisa gaisuwar mutunci ba. Kawu zai faka babur a ƙofar gidanmu a Bodinga, ya ce, "Ina ragon ga?" Baba ya ce, "Ga ni, uwar ci." Inna kuwa tana madafa tana dariya.

Wata shekara Kawu ya kawo wa Baba irin gero daga gonarsa ta Kajiji. Da damina ta yi nisa sai ganyen ya ɗashe, bayansa ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, zangarniya ta fito da tarin ganyayyaki maimakon ƙwaya. Baba ya ce irin ne ya zo da cutar, kuma ya faɗa a gaban mutane ranar kasuwa. Daga nan wasa ya mutu. Suka koma gaisawa da ladabi, "Alhaji, ina gajiya," kamar baƙi. Na fi tsanar wannan ladabin da kowane zagi. Inna ta bar dariya, ta rame.

Lokacin ina karatun aikin gona, kuma cutar nan muke nazari. Kama take da funfuna amma ba funfuna ba ce. Farin nan na bayan ganye ƙwayoyinta ne da iska ke ɗauka, sai da madubin asibiti ake ganin siffarsu. Na tsinko ganye da raɓarsa a gonar Baba, na hau babur zuwa Kajiji na tsinko na Kawu, don shi ma cutar ta taɓa gonarsa. A makaranta na sa ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin, na ɗauki hotonsu da wayata. Na Bodinga ƙanana ne, kusan a mulmule. Na Kajiji sun fi tsawo da kauri, kamar ƙwan zabi.

Na zaunar da Baba na yi masa bayani tsakani da Allah: girmansu kan bambanta daga gona zuwa gona, kai har a ganye ɗaya, saboda zafi da laima, kuma cutar kan kwana cikin ƙasa shekaru. Hoto ba zai kama kowa ba, ba zai wanke kowa ba.

Ban san ko ya ji rabin maganata ba. Ya ƙura wa wayar ido, ya ce, "Wanga mai tumbi, na wa na?"

"Na Kawu ne."

"Awo. Ai na gane shi." Ya gyara hula. "Ara mini wayar ga."

Da la'asar muka isa Kajiji, ni a bayan babur. Kawu ya fito da ladabinsa na baƙi, zai ce Alhaji, Baba ya tura masa wayar a hanci. "Duba nan. Hatta cutarka ci gare ta."

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Taka kau yunwa ta kashe ta. Ko cuta ba ka iya ciyarwa, rago."

Da muka dawo, Inna ta tare ni a zaure, ta ce, "Mi sunka ce?"

Na ce, "Zagin juna suka yi."

Ta ce alhamdulillahi, ta share ido da bakin mayafi, ta je ta ɗora tukunya.