Baba Illiya da Kaset ɗin da Ya Sha Tofi

Kafin rana ta hau katangun tsohon garin Agadez, Baba Illiya ya riga ya buɗe shagonsa. Ɗan shago ne a wani lungu, in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya tsaya a ƙofa yana miƙa wuya. Zai share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya ɗora shayi a garwashi, sannan ya kunna tsohuwar telensa mai ƙatuwar ƙeya ya bar ta ta ɗumama. Ba labarai yake kallo a cikinta ba. A cikinta yake duba marasa lafiyarsa, wato akwatunan wasan tele irin na da, waɗanda ake soka musu kaset a ka, hoto ya fito, yara su yi ta danne-danne har a kira su cin abinci su ƙi ji.

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Da direbobin hanyar arewa suka fara shigo da akwatunan nan tsaraba, sai suka riƙa lalacewa, aka rasa mai taɓa su, shi kuwa ya taɓa. Yanzu duniya ta koma waya, masu kawo masa gyara sun ragu, idanunsa ma sun fara gardama. Ya ce bayan babbar salla zai rufe shagon. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Ciwon da aka fi kawo masa shi ne na hoto. Za a kunna wasa, sai sama ta koma ja, duwatsu su farfashe gida-gida, haruffa su watse cikin gajimare, ɗan mutumin da ke gudu ya rasa kai amma bai fasa gudun ba. Mai akwati zai tsaya yana tsaki, Baba Illiya kuwa sai ya gyara zama ya tallafe haɓa ya yi ta kallo, har shayinsa ya huce. Maƙwabcinsa Tijjani, maƙerin azurfa, yakan leƙo ya ce, "Malam Illiya, gyara aka kawo maka ko kallo?" Shi kuma ya ce a bar shi, yana son ya ga irin mafarkin da akwatin ke yi tukuna. Ba ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya canja wayar da ke zuwa tele, ya gwada wani kaset mai lafiya, ya ɗan danna kaset ɗin hagu da dama ya ga ko hoton zai motsa. Daga nan yake sanin ko ciwon na akwati ne ko na kaset.

Cikin dukan abin da Tijjani ya gani a shagon nan, labarin Hajiya Tani ya fi tsaya masa a rai, kuma daga bakinsa aka ji shi.

Wata hantsi ta zo, dattijuwa ce, 'yarta Sakina na biye da ita da ƙunshi a ka. Ɗanta Seydou ya tafi haƙar zinariya Djado, an daɗe ba a ji duriyarsa ba, ga shi can waya ba ta cika shiga ba. Akwatin wasan da ke cikin ƙunshin nasa ne tun yana yaro, bai rabu da shi ba har ya yi gemu. A cikin wasan akwai wata ƙasa kore shar, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da ɗan mutum mai sanda yana tafiya. Ana gobe zai tafi, Seydou ya kai ɗan mutumin bakin wani kogi, ya ajiye shi a nan da sunansa rubuce a sama, ya ce wa uwarsa in ya dawo zai ƙetare. Tun daga ranar Hajiya ke kunna wasan kowace safiya. Ba ta iya danna komai ba. Zama take yi ta kalli ɗan mutumin a tsaye, ruwan kogi na motsi a gabansa, sai hankalinta ya kwanta ta tashi ta kama aikin gida.

"To yanzu ka gani, Malam," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya fara da ƙafa, sai hannu, shekaranjiya kan ya tafi. Ni dai na san ba banza ba. Wani abu ya sami yaron nan."

Sakina ta ce, "Baba, tun ranar ko fura ba ta sha da kirki ba. Na ce mata kaset ne, ta ƙi ji."

Baba Illiya ya haɗa akwatin da telensa. Kogin ya fito a yanke-yanke, rabin sunan Seydou ya koma zane-zane, ɗan mutumin kuwa ba a gane gabansa da bayansa. Ya cire kaset ɗin ya sa nasa, hoto ya fito tas. Ya kwance na Seydou ya fita da shi haske, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Haƙoran tagullar da ke bakin kaset ɗin duk sun yi kore, tsatsa ta ci har ta yanke wata 'yar siririyar hanya da hoto ke bi. A Agadez, garin da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, ina tsatsa ta sami ruwa?

Ya tambaya ko kusa da tulu ake ajiye shi. Sakina ta ce a'a, cikin zane yake, cikin adakar Inna. Ya tambaya ko an taɓa zubar masa da shayi, aka ce ko kusa. Sai ya rufe kaset ɗin ya miƙa wa Hajiya ya ce, "Hajiya, nuna mini yadda kike kunnawa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta kai bakin kaset ɗin kusa da nata, leɓunanta na motsi. Ta daɗe tana karatu, sannan ta tofa a ciki, ta sake tofawa, ta shafa.

"Haka na ga Seydou na yi tun yana ƙarami," in ji ta. "Ba ya sa shi sai ya yi masa tofi. Nakan ce yaron nan Allah ya shirye shi, ko wasa ba ya farawa sai da addu'a. Da ya tafi sai na ci gaba, na ƙara masa da ta tsari."

Duk wanda ya yi wasan nan ya san hura kaset yara ke yi don ya kama, babu wata addu'a a ciki. Sakina ta buɗe baki za ta faɗa, Baba Illiya ya ɗago ya dube ta, ta mayar da maganar. Tausayi ne ya kama shi. Danshin bakin uwa ne ya ci tagullar, safiya bayan safiya. In ya gaya mata addu'arta ce ta cire wa ɗan mutumin kai, da wane baki za ta ƙara yi wa ɗanta addu'a?

Abin da ya gaya mata gaskiya ne, kuma bai rage mata nauyinsa ba. Ya ce ciwon na kaset ne, ba saƙo ba ne daga Djado. Amma akwai wani ɗan pil a ciki, ɗan batirin da ke riƙe da sunan Seydou da wurin da ya tsaya, shi ma ya tsufa, tsatsar ta kai gindinsa. In wutarsa ta yanke ko na ƙiftawar ido, sunan zai goge, ɗan mutumin ya koma farkon hanya, babu kuma mai iya mayar da shi bakin kogin sai mai shi. "Zan yi iyakar yina, Hajiya, amma hannuna ba kamar da ba."

Ta ce, "Yi, Malam. Allah ya riƙa maka."

Washegari ya jira rana ta ɗaga, ya fito da teburinsa bakin ƙofa inda haske ya fi. Tijjani ya bar maƙerarsa ya ja masa wayar azurfa siririya kamar gashin jariri, ya tsaya a kansa riƙe da gilashin ƙara girma. Baba Illiya ya goge haƙoran da gom, abin goge rubutu irin na 'yan lakwal, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su da ruwan alkol irin na asibiti har tagulla ta dawo da haskenta. Ya liƙa sabon pil a gefe kafin ya taɓa tsohon, don kada wuta ta yanke. Da ya zo ɗinke hanyar da ta tsinke, sai ya dakata. Ya ajiye ƙarfen liƙi, ya dubi sama ta tsakanin katangu, ya daɗe a haka. Tijjani ya ce shi dai ya ga kamar Baba Illiya ya tafi can ƙasar nan mai ruwan sama ta cikin wasan ya dawo. Da ya sake ɗaukar ƙarfen, ɗigon dalma ɗaya ya sauka daidai inda ake so.

Aka kira Hajiya da Sakina. Ya soka kaset, ya kunna. Tele ta yi duhu, ta yi shiru, sannan kore ya cika ta. Ga ruwan sama na sauka a hankali, ga kogi na motsi, ga sunan Seydou a sama harafi bai ɓace ba, ga ɗan mutumin tsaye da sandarsa. Hajiya ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Bai rame ba," in ji ta.

Sakina ta juya baya tana share ido da bakin mayafi. Baba Illiya ya ce, "Hajiya, abu ɗaya ya rage. Kaset ɗin nan ya tsufa, bakinsa ba ya son iska yanzu. In kin yi addu'ar, ki tofa a tafin hannunki ki shafa masa a baya, yadda kike shafa wa Seydou yana ƙarami."

Ta ce, "Ai hakan ma ya fi kai wa jiki."

Baba Illiya, kai ne mai ɗinke hoto da azurfa. Kai ne ka gano ciwon, ka kuma san abin da za ka faɗa da abin da za ka haɗiye. Ka gyara kaset, ka bar wa uwa addu'arta ba ka taɓa ta ba. Mutanen lungun nan sun gode, da waɗanda suka girma a ƙofar shagonka suna jiran hoto ya dawo. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu gyaran waya na bakin kasuwa, ku je ku zauna da shi kafin ya rufe ƙofar nan. Ku koyi kallon abu kafin ku kwance shi, ku koyi tambayar mai shi yadda yake riƙe shi, domin wani abin da ake kawowa gyara ba a cikin ƙarfen kaɗai ciwonsa yake ba.

Har yanzu labarin Seydou bai iso daga Djado ba. Amma kowace safiya Hajiya Tani na tofa addu'a a tafinta ta shafa wa kaset a baya, ta kunna, ta zauna. Ɗan mutumin na nan tsaye a bakin kogi da kansa da ƙafafunsa, yana jiran mai ƙetarewa da shi.