Gaɓa Biyar a Kan Cittar Ticha Dauda

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ba. Amma abin ya ƙi barina.

Wata Juma'a ce a lokacin haƙar citta, muna aji shida a wata makaranta a bayan Kafanchan. Marigayi Ticha Dauda, mai cika baki wai ya yi wata uku a Kwatano, ya rubuta kalmar Faransanci a allo: magnifique. Ya ce ma'anarta abu mai kyau ƙwarai. Daga nan ya kora mu gidansa kamar yadda ya saba, ya zazzage mana buhunan cittarsa a tsakar gida, kowa da wuƙar da ya ɗauko a madafin uwarsa. Wai haka ake koyon yare: kowace gaɓa, a tsaga citta ɗaya. "Ma-gi-ni-fi-ku!" Gaɓa biyar, citta biyar. Muna rerawa, yatsunmu na raɗaɗi, shi yana kishingiɗe a gindin mangwaro yana sakace. Mutumin da Faransancinsa bai cika cokali ba! Duk zangon nan kalma huɗu ya koya mana, dukansu dogaye. Gajeriya ba ta cika buhu.

Asabe, wadda muke benci ɗaya, ta ɗaga hannu. Babanta direban babbar mota ne mai zuwa Nijar. Ta ce shi "ma-nyi-fik" yake cewa, gaɓa uku.

Ticha ya ce, "Kai, Asabe, babanki direba ne ko farfesa?" Sai ya juyo gare ni, don ni ce monita. "Talatu, nawa ne?"

Na san Asabe ba ta ƙarya. Na kalli tsumagiyar da ke cinyarsa. Na ce, "Biyar, sa."

Ya zane ta sau biyar, kowace bulala da gaɓarta, ya sa muna amsawa. Ran Litinin ba ta zo ba. Babanta ya ce bai haifi 'ya don ta yi wa malalaci ƙwadago ba. Kafin jarabawar fita suka koma wajen Zonkwa, ban sake ganinta ba.

Yanzu jikata takan danna waya, waya ta furta mata kowace kalma, ba wuƙa, ba bulala. Ta sa na saurari kalmar nan ta Ticha. Uku ne.

Don Allah, duk wanda ya san inda Asabe 'yar direba take, wadda ta bar aji shida ana tsakiyar aikin citta, ya sanar da ni. Ina so in gyara amsata a gabanta.