Jan Geron Hindu

Ranar Alhamis ɗin nan Hindu ta riga kowa tashi a gidan Mushe Rabo da ke Tasawa. Bayan sallar asuba ta shimfiɗa leda a zaure, ta juye irin gero, ta ɗaure hanci da gyale, ta shiga cuɗa shi da jan garin maganin ƙwari. Mahaifinta Rabo, tsohon malamin kimiyya a sakandaren lise, inda ya samo laƙabin Mushe na Faransanci, yana zaune a bakin ƙofa da rediyonsa.

"Baba, ja da baya. Wanga abu guba ne, ba yaji ba."

"Ni da na karantar da shi za ki gaya ma?"

"Kai ka karantar, ni ke cuɗawa."

Da hantsi ta ɗinke bakin buhun da basilla. Na wani manomi ne a Isawan, Sidi, wanda shukarsa ta farko ta ƙone saboda ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke. Ta bi amalanke zuwa tashar mota. Ma'aikacin kamfanin aika kaya ya fitar da 'yar takarda mai baƙaƙen layuka, ya manna a jikin buhun, ya haska na'ura ta yi ƙara, aka ɗora shi saman motar Mayahi. Da azahar ta ci abinci, ta amsa saƙonnin masu saye. Da la'asar ta ce ƙafafunta na sara, ta kwanta. Kafin magariba an kai ta likita. Ranar Juma'a da hantsi ta rasu.

Da amosanin jini aka haife ta. Ciwon ya fitar da ita daga lakwal, wato makarantar boko, tana aji na kusa da ƙarshe, ya kuma hana ta duk aikin da ke son ƙarfi. Ba ta taɓa riƙe hauya ta wuni ba, amma ta san iri. Takan sayi gero da wake masu saurin nuna, ta jiƙa kaɗan a tsumma ta ga yadda suke tsiro, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, hatsi ya yi tsada, masu nemanta suka ƙaru har daga ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba. Da zarar saƙon kamfani ya shigo cewa an karɓi kaya, sai ta kira mai shi: iri ne, kada a ci, kada a ba dabba, a wanke hannu. Wannan karon saƙon ya shigo ya tarar da wayar a kashe cikin akwati.

Sai bayan sadakar uku Mushe Rabo ya kunna ta, don ya sanar da masu hulɗa da ita. Ya ga saƙon, ya ce alhamdulillahi, aikinta na ƙarshe ya isa. Bai ajiye wayar ba kira ya shigo.

"Hindu, ke ce? Ni ne Sidi."

"Mahaifinta ne. Hindu Allah ya yi mata rasuwa."

Sidi ya yi salati, sannan gaisuwa mai tsawo. Sidi ya so ya kashe, Mushe Rabo ya ce ya faɗi abin da ya kira a kai.

"Ba komi ba ne, Baba. Buhu ya iso. Sai dai geron hwari ne. Na bara ja ta aiko min."

Mushe Rabo ya ga jan garin da idonsa ranar da ta cuɗa. Idan farin gero ne a hannun Sidi, to jan yana gidan wani da ke jiran abinci, a shekarar da rumbuna suka ƙare tun kafin damina. Ya ce wa Sidi ya ɗauko buhun su haɗu a tashar Mayahi. Ya shiga ciki ya gaya wa matarsa Zara'u, wadda ke zaune cikin mata masu gaisuwa. Ta dube shi ta ce, "Tahi. Zama ni na iya."

A Mayahi ya sami ma'aikacin kamfanin, Hamani, yana fifita da kwali.

"Mushe, na'ura ta ce an ba da. Na'ura ba ta ƙarya."

"Takarda ta karanta ko buhu?"

"Takarda."

"To buhun nike tambaya."

Hamani ya sosa ƙeya. Ya ce ranar an sauke buhun gero biyu daga Tasawa, zafin saman mota ya narkar da gam, takardun biyu suka faɗo. Ya tsince su ya mayar, ɗaya nan ɗaya can, tunda gero gero ne. Ɗayan buhun wani tela ne ya aika wa mahaifiyarsa, Tanna, a wani ƙauye bayan Tchaké, kuma mai amalanken garinsu ya riga ya tafi da shi. Suka kira telan, wayarsa a kashe. Tsohuwar ba ta da waya.

Sidi ya iso a kan babur, dogo, da rawani, farin geron ɗaure a baya. Mushe Rabo ya hau tsakaninsa da buhun. Hanyar rairayi ce, babur ya riƙa nutsewa suna sauka suna turawa. Gonaki hagu da dama duk shuka ta bushe a ramukanta.

Suna shiga gidan, abin da Mushe Rabo ya fara gani tabarma ce a tsakar gida, an baza gero a kai yana shan rana, launinsa ja-ja ya koɗe. Turmi na gefe, a kife. Jikoki uku na wasa a inuwar rumbu, Tanna na zaune kusa da su. Mushe Rabo ya nufe ta.

"Inna, an daka?"

"Sallama dai tukuna, ɗan nan."

"Salamu alaikum. An daka? Wani ya ci?"

"Wa zai ci shi a jiƙe? Sau uku na wanke shi. Ɗan banzan yaron can, na ce mai yunwa muke ji, ya aiko min da iri. Na ce to, in ya bushe gobe mu gwada da kunu."

Mushe Rabo ya zauna a kan turmin. Ya tambayi inda aka zubar da ruwan wankin, aka nuna masa bayan danga, inda awaki ba sa kaiwa. Ya kira yaran ya duba hannuwansu da bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi wa tsohuwar bayani a hankali: wanki ba ya fitar da maganin, ɗanta bai yi laifi ba, ga geronta nan a kan babur.

Tanna ta tura hannu cikin farin geron har gwiwar hannu, ta ɗebo ta tauna. "To na zagi yaro a banza. Kada ku hwaɗa mai." Ta juyo. "Mai jan hwa, ina take? Ita ta aiko ku?"

"Ɗiyata ce. Juma'a muka rufe ta."

Tsohuwar ta saki geron. Ta ce Allah ya jiƙanta, ta sa aka kawo masa ruwa a ƙwarya, ta tsaya a kansa har ya shanye. Sidi ya tattara na tabarmar har ƙwayar ƙarshe, ya haɗa da tabarmar, ya ce zai aiko da sabuwa. A makon nan ruwan sama ya dawo, Sidi ya shuka irinsa.

Bayan sadakar arba'in aka buɗe ɗakin Hindu. Zara'u ta wanke tufafinta ta raba wa 'yan'uwa, ta riƙe zane ɗaya. Sikeli da tiya da basilla aka ba 'yar ƙanen Mushe Rabo, wadda ta ce za ta gwada sana'ar. Sauran garin maganin kuwa, Mushe Rabo ya kai wa ma'aikatan gona. Da wayar ya tura saƙon murya sau ɗaya, ya gode wa masu saye, ya ce idan akwai wanda kayansa bai isa ba ya faɗa. Babu wanda ya faɗa, sai addu'o'i. Akwai rabin buhun irin wake da ta riga ta cuɗa. Wannan bai jira arba'in ba, kuma bai ɗora shi a mota ba. Tun dawowarsa daga Mayahi ya ɗauka da kansa zuwa gonakin maƙwabta, ya auna wa kowa a hannu, ya tsaya a bakin kunyar gona har aka rufe ramin ƙarshe.