Ranar da Na Naɗe Tabarmar Barci

Shekara tara ke nan rabona da barcin kirki. Na sha ƙwayoyin asibiti har likitan ya fara sunkuyar da kai idan na shigo. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na bar shayi da goro, duk a banza. A watan jiya sai ga yayana Malam Buhari har Wurno, inda nake koyarwa. Wai in ajiye koyarwa, zai kai ni wurin wani mai magani a ƙauye in zauna wata uku, don a ganinsa iska ce. Na san abin da ke biyo baya. Wadda aka kai can, ko ta dawo lafiya sunanta mai taɓin hankali, kuma babu uwar da za ta sake yarda ta koyar mata da ɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai. A daren ne na tuna da kakata, Inna Tumba.

A Goronyo muka tashi, kusa da madatsar ruwa. Maza su kamo kifi, Inna ta yi banda. Banda kuwa aikin mai ido biyu ne: wuta ta tashi kifi ya ƙone, ta mutu ya ruɓe, hayaƙi kawai ake so. Bayan isha'i mu jikoki mukan kewaye murhun, idanu na hawaye, muna fakon kan tarwaɗar da zai gutsure. Ita kuma da sandarta, ta juya kifi, ta ƙwala wa yatsun ɓarayi.

"Ga ta nan, ku matso ku ji ta," in ji ta wani dare. "Wata mace ta bakin gulbi, Kwana yay yi hushi da ita."

Kwana shi ne barci a bakin mutanenmu. A labarin Inna, baƙo ne mai bin gida-gida da dare, sai ya riƙa tsallake gidan matar nan. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya ƙi. Ta dama masa fura, ya ƙi. Ta yanka masa zakara tana kuka, ya ƙara ɗaga hanci. Da ta gaji da roƙo, sai ta naɗe tabarmar ta jingine, ta bi maƙwabta ta karɓi kifinsu tana banda musu suna barci. Rannan ƙamshi ya jawo Kwana, ya tsaya bakin ƙofa yana sallama.

A nan Inna ta ɗaga sanda, ta murtuke fuska. "Tac ce, mi kaka so? Yac ce, shiga nika so in yi. Tac ce, tsaya nan waje, kihina bai nuna ba!"

Muka fashe da dariya. Na ce, "Inna, ta bar shi ya shiga?"

"Sai da taƙ ƙare aikinta, ɗiyan nan. Baƙo na, ba mai gida na ba."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa tun da Inna ta yi haihuwar fari barci ya guje mata. Matar bakin gulbi ita ce. Mu muna ganin tsohuwa mai son aiki, ashe da ciwonta take zaune a gaban wutar nan, ba ta taɓa bari an kira ta abin tausayi ba. Ni kuwa shekara tara ina kwance ina juyi, ina duba agogo, ina lallashin baƙon da bai san mutunci ba.

Washegari da safe na sami yayana yana shirin tafiya da ni. Na gaishe shi da ladabi, sannan na ce, "Yaya, ba ni zuwa. Kwana na yaƙ ƙi ni, hankalina shina nan."

Ya yi fushi, ya hau babur ɗinsa ko ruwa bai sha ba. Har yau bai kira ni ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Ban warke ba. Ina zuwa wurin likita, ina shiga aji da jajayen idanu, amma ina shiga. Na sa an yanka mini gangar ƙarfe gida biyu, na kafa murhu a bayan ɗaki, motar Goronyo tana kawo mini kifi duk Juma'a. Shekaranjiya, gab da asuba, na ji idona ya yi nauyi. Na gane sallamar Kwana sarai. Saura sahu ɗaya na tarwaɗa a kan wayar murhun, na bar shi a tsaye sai da na juya kifin.